Ba Dole Ba Ne A Kwana Cikin Tsibirin Venis

Wasu mutanenmu na Gombe da ke shirin ziyartar Venis ta Italiya suna ɗauka cewa sai sun kama masauki cikin tsibirin, kusa da dandalin San Marko, inda kuɗin ɗaki ke ƙona aljihu. Ba haka abin yake ba. Unguwar Mestre, wadda take kan tudu amma ƙarƙashin hukumar birnin, tana da otal-otal masu rahusa, kuma jirgin ƙasa yakan kai mutum tashar Santa Luciya da ke cikin tsibirin cikin kusan minti 10. Mota ba ta yawo cikin tsibirin, saboda haka mai babban akwati zai sha wahalar jan sa bisa matakalar gadoji. Harajin shiga na Yuro 5 da aka fara karɓa a 2024 daga masu yini ɗaya ma bai hau kan wanda ya kwana a Mestre ba.