Wai taura biyu ba ta taunuwa? Ku zo mu je wajen Mushe

Daren jiya mun yi sa-in-sa da yayana a ƙofar gida, har shayin da ke kan gawayi ya ƙone ba mu lura ba. Maganar ɗansa ce, yaro ɗan shekara 12. Tamola yake bugawa tun yana ƙarami, kuma yana da ƙafa, ba zan ɓoye ba. To a hutun da ya wuce aka kai shi wajen kakanni can gefen Mirriya, ya tarar da sa'anninsa suna kokawa a rairayi da yamma, ya shiga, aka kayar da shi sau ba adadi, ya dawo Damagaram ba shi da zance sai na kokawa. Yaya ya ce atafau. Wai mai santar ɗin koyon ƙwallo da yaron yake zuwa atisaye ya gaya masa duk wanda zai ci abinci da ƙwallo, to ya rabu da kowane wasa tun yanzu.

Na ce, "Yaya, yaron nan ko gemu bai san inda zai fito masa ba, har an yanke masa sana'a?"

Ya ce, "Kai dai ba ka da ɗa shi ya sa. Taura biyu ba ta taunuwa."

Na yi shiru don girmansa, amma maganar ta hana ni barci. Shi ya sa na kawo ta nan.

Waɗanda muka yi lakwal tare sun san wanda nake nufi in na ce Mushe, wato tsohon malaminmu na wasanni. Ba zan faɗi sunansa ba, don mutum ne da ba ya son a yi ta yawo da shi a waya. Ɗan ƙauye ne daga hanyar Tanut. A dandali ya fara, kokawar bayan kaka, wadda ake yi da farin wata bayan an kai hatsi rumbu. Karatu ne ya kawo shi birni. Da ya shiga kolej aka ga yana da gudu, aka sa shi tsere da dogon tsalle. Wata rana gola bai zo ba aka tura shi raga, ya zauna a nan shekaru. A tsakiyar wannan kuma yana buga ƙwallon hannu, don a zamaninsu kowace makaranta tana da ƙungiyarta. Daga baya ya tafi Yamai ya yi karatun koyar da wasanni, ya dawo gida da usur a wuya.

Bai taɓa ɗaukar takobin gasar kokawa ta ƙasa ba. Bai taɓa sa rigar Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar, ba. A cikin wasanni huɗun nan babu ɗaya da ya zama na farko a ƙasa, kuma da wannan masu raina shi suke kafa hujja: ya taɓa nan, ya taɓa can, bai ƙware a komai ba. Ni kuwa da na wuce ta hannunsa, na san a me ya ƙware. Ya san jikin yaro kamar yadda mahauci ya san gaɓoɓin rago.

Ranar farko da na je filinsa da niyyar zama gola, ban taɓa ƙwallo ba. Filin ma shi ya shata shi da tokar da yake tarawa daga wajen masu tuwo-tuwo, yana zuba ta da gwangwanin tumatir da aka huda. Ya kai mu gefen da rairayi ya yi tudu, ya haɗa mu biyu-biyu, ya ce mu kama. Abokin kamuna ya ɗaga ni, na tafi ƙasa na miƙe hannu ɗaya tsaye kamar tabarya don in tare faɗuwar. Sai na ji usur a kunnena.

"Kai ɗan birni, wa ya koya maka faɗuwa? Haka ake kai hannu wajen mai ɗori."

Ya tuɓe takalmi, mutum mai shekara kusan 50 a lokacin, ya faɗi a gabanmu. Haɓa a ƙirji, kafaɗa ta riga sauka, jiki ya mirgina ta gefe, ya miƙe tsaye kamar ba abin da ya faru. Ya sake. Ya sake. Sati biyu muna faɗuwa kafin ya yarda ya jefo mana ƙwallo. Na yi shekara shida ina tsaron raga a filayen garin nan da ƙasarsu ta fi siminti tauri, ban taɓa karaya ba, ban taɓa gocewar kafaɗa ba.

Masu tsaron baya kuwa, abin da yake nanata musu shi ne kada su kalli ƙafar mai ƙwallo, su kalli ƙugunsa. Ƙafa tana ƙarya, in ji shi, ƙugu ba ya yi. A dandalin kokawa ya samo wannan, inda in ka bi hannun abokin karawarka da ido sai dai ka ji ka a ƙasa. Yadda ake juya ƙugu a wurga jifa daga gefen fili, daga ƙwallon hannu ya ɗauko. Yadda ɗan gaba zai ƙirga taku kafin ya tashi sama ya sa kai, daga dogon tsalle. Kocin da tamola kaɗai ya sani zai ce maka "yi sauri", "yi tsalle", "tsaya da kyau". Mushe zai gaya maka wace ƙafa za ka dogara a kai.

Akwai kuma abin da ya fi wannan tsada, wato iya gaya wa yaro gaskiya. Muna da wani aboki dogo, mai nauyin ƙafa, wanda duk duniya ba abin da yake so sai ya zama ɗan gaba. Mushe ya gan shi wata rana yana jifar goruba, dutse ɗaya ya kakkaɓo biyu daga can ƙololuwa. Washegari ya kira shi gefe ya ce, ɗana, arzikinka a hannu yake, ba a ƙafa ba. Yaron ya yi kuka kamar an yi masa mutuwa. Ya koma ƙwallon hannu yana gunaguni, ƙarshe shi kaɗai ne a cikinmu ya yi tafiye-tafiye da sunan jiha. Mai santar da ke karɓar kuɗin wata daga hannun uba, yaushe zai ce wa yaro ba nan ne wurinka ba? Ko yana da niyya, ina zai tura shi, alhali shi kansa ƙofa ɗaya ya sani?

Kada wani ya ce labarin ƙauye nake kawowa. Ku duba makwabta. Hakeem Olajuwon na Legas gola ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu, sai da ya zama saurayi sannan ya fara ƙwallon kwando. Ya je Amurka ya ci kofin NBA da Houston Rockets a 1994 da 1995, kuma shi da bakinsa yana danganta iya takunsa da tamolar da ya buga yana yaro. Bayan ya yi ritaya, manya irin su Kobe Bryant da LeBron James sun je har inda yake don ya koya musu yadda ake sarrafa ƙafa a ƙarƙashin kwando. Chioma Ajunwa tana cikin tawagar matan Najeriya da suka je gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a 1991, sannan a 1996 a Atlanta ta yi tsallen mita 7.12 ta ɗauki zinariya. Da tun tana shekara 12 an rufe ta a wasa ɗaya, wa ya san wanne za a zaɓa mata?

Mu dawo gida. Tun da Nijar ta fara zuwa Olamfik, lambobi biyu muka samo. Issaka Daboré ya kawo tagulla a damben zamani a Munich a 1972. Aka yi shekara 44 ana jira, sannan Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo azurfa a tekwando a Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Duka biyun a wasan gaba da gaba ne, mutum da mutum. Wannan ƙasa ce da tun 1975 take shirya gasar takobi, jihohi takwas kowace da ƴan kokawarta goma, a rufe shaguna a kewaye rediyo da talabijin. Nan Damagaram filin kokawarmu sunan shahararren ɗan kokawa Langa-Langa yake ɗauke da shi. Amma yau uba yana jin kunyar a ce ɗansa yana kokawa, yana ganin abin ƙauyawa ne, gara ya saya masa rigar Real Madrid ta gwanjo a kasuwar Dole ya zauna jiran ranar da wani zai zo ya kai shi Turai.

Ban ce Yaya ba shi da gaskiya ko kaɗan ba. Akwai lokacin da taura biyu ba ta taunuwa. Saurayi ɗan 17 ko 18 da yake neman shiga babbar ƙungiya dole ya tsayar da zuciyarsa wuri ɗaya. Rigimata da shi a kan lokacin ne kawai. Yaron da ƙashinsa bai gama ƙwari ba, a ce kullum motsi iri ɗaya, gudu iri ɗaya, bugu da ƙafa ɗaya, a kan busasshiyar ƙasa, safe da yamma, shi ne za ka ji yana kukan gwiwa tun bai shiga lise ba. Wasu kuma ba gwiwar ce ke gajiya ba, zuciyar ce. Na san yara da yawa da suka tsani ƙwallo saboda an mayar musu da ita aikin dole.

Kuma ban ce Mushe waliyyi ba ne. Yana da zafin rai, bakinsa yana yanka. Yana da wata muguwar al'ada ta mutanen zamaninsu, ta hana shan ruwa a tsakiyar atisaye wai don a koyi juriya, a garin da zafin bazara yake haura digiri 40. Wannan kuskure ne, kuma na taɓa ganin yaro ya yanke jiki ya faɗi saboda shi. Da na girma na gaya masa, ya yi shiru, ya ce haka aka yi musu. Don haka masu cewa a yi karatun horarwa na zamani, a samu takarda, ina tare da su. Tsohon ɗan wasa ba ya zama koci don kawai ya tsufa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda takardar ta zama katanga. In an kawo taron horar da masu horarwa, ko aka raba ƙwallaye da riguna, sai ka ga sunayen waɗanda ba su taɓa shata fili da toka ba, amma sun san wanda ya san wani. Mushe ya kai takardunsa wani ofis sau uku a gabana, kullum sai a ce ya dawo mako mai zuwa. Ya daina zuwa. Halinmu ne kuma tun daga sama. Harouna Doula ya kai Mena gasar cin kofin Afirka karo na farko a tarihi, ta 2012, daga rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu, har hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta ba shi kyautar kocin shekara ta 2011. Da aka zo tafiya gasar sai aka ɗauko Bafaranshe Rolland Courbis aka kafa masa a gefe. In an yi wa wanda Afirka ta yaba haka, ina ga malamin kolej mai ritaya?

A 2018 an yi Zinder Saboua, bikin ranar jamhuriya da aka kawo garin nan, an gyara gari, an yi gine-gine, mun gode. Sai dai gini ba ya busa usur. Ku zaga unguwanni da yamma ku ga samarin da ke ɗaga ƙarfe, sun haɗa nauyinsu da siminti da tsofaffin ƙarafan mota, ƙirji kamar ƙofar Birni. A cikinsu akwai ɗan kokawa, akwai mai judo, akwai mai jifa, akwai ɗan dambe. Wanda zai kalle su ya rarrabe wane ya dace da me, shi ne babu. Masu irin wannan idon ba su fi a ƙirga da yatsu ba a garin nan, kuma duk sun manyanta.

Da safen nan na biya wajen Mushe. Yana zaune a gindin dogon yaro a ƙofar gidansa, ya miƙe ƙafar da gwiwarta ta kumbura, usur ɗin yana rataye a ƙusa a cikin zaure, igiyarsa ta yi baƙi. Na gaishe shi, na ba shi labarin ɗan Yaya. Bai ce komai a kan mai santar ba. Tambaya ɗaya ya yi min: in an kayar da yaron, tashi yake yi ya sake kamawa ko waige-waige yake yana neman wanda zai kai wa ƙara?

Na ce, "Mushe, kakarsa ta ce sai an janye shi da ƙarfi in magariba ta yi."

Ya yi murmushi ya ce in kawo shi ranar Asabar bayan la'asar, in taho da ruwa jarka ɗaya tunda na ce zamani ya canja. Yaya bai sani ba tukuna, kuma na san yana karanta duk abin da na sa a nan. Yaya, ka yi haƙuri, a bayan babur ɗina akwai wurin mutum biyu.