Mushe Ya Je Koyon Ƙira

Da hantsi ne, ana gab da faɗuwar damina, a wata maƙera da ke bayan Kasuwar Dole a Zinder. Sarkin Maƙera yana zaune gaban uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen da ake ƙira a kansa, yaronsa yana zuga, wani Buzu kuma ya kishingiɗa a gefe yana dafa shayi, kwanansa uku ke nan yana jiran a gyara masa takobi. Sai ga Mushe, kamar yadda ake kiran malamin makaranta a Nijar, wanda ya shekara 35 yana koyarwa kafin ya ajiye alli, ya shigo cikin farar shadda, riƙe da littafin rubutu da wayar salula.

MUSHE: Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, barka da aiki.

SARKIN MAƘERA: Alaikumus salam, Mushe, barka kadai. Idan fartanya ka zo saye ka makara, domin mutanen Mirya sun kwashe na jiya tun kafin su huce.

MUSHE: Ba sayayya ce ta kawo ni ba, ranka ya daɗe, koyon ƙira na zo.

SARKIN MAƘERA: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kuɗin fanshon ne suka daina fitowa?

MUSHE: Suna fitowa, alhamdu lillahi.

SARKIN MAƘERA: To ko kuna da maƙeri a dangi, ta wajen uwa, wanda aka ɓoye muku?

MUSHE: Ko ɗaya babu. Mahaifina fatauci ya yi a Zango har Allah ya karɓi abinsa.

SARKIN MAƘERA: Babu yunwa, babu gado. Me kuma ya rage da zai sa mutum mai hankali ya baro inuwar gidansa ya zo ya zauna gaban wuta a wannan bazara?

MUSHE: Sha'awa ce. Na gani a YouTube cewa a Amurka da Faransa akwai likitoci da lauyoyi waɗanda idan ranar hutu ta zo sukan hura wuta a bayan gida, su wuni suna dukan ƙarfe har su fitar da wuƙa, sannan su rataye ta a bango ba tare da sun sayar wa kowa ba.

SARKIN MAƘERA: Wane laifi suka yi aka yanke musu wannan hukunci?

MUSHE: Ba hukunci ba ne, hutawa ce.

BUZU: Sarki, ka karɓe shi. Wataƙila wanda ya ɗauki ƙira hutu ya gama mini takobin da wanda ya ɗauke ta sana'a ya kasa gamawa.

SARKIN MAƘERA: Yi mana shiru, mai rawani. Gawayin da zan gama takobin da shi ne kake dafa shayi da shi tun shekaranjiya. Mushe, me ke cikin littafin nan?

MUSHE: Kayan da aka ce mafari ya tanada ne. Na rubuta guduma, da awartaki, da kurfi, da magagari, da zugazugi. An kuma ce wanda ba shi da kuɗin sayen uwar maƙera ya nemi guntun ƙarfen layin dogo, zai wadatar da shi.

SARKIN MAƘERA: Shawara ce mai kyau. Sai ka fita ka tsaya a bakin titi, idan jirgin ƙasan Damagaram ya wuce ka ciro mana guntu biyu, ɗaya naka ɗaya nawa.

MUSHE: Ai layin dogo bai taɓa zuwa Damagaram ba.

SARKIN MAƘERA: Ashe ka sani. To rufe littafin. Wannan uwar maƙera da kake gani kakana ya bar wa ubana, kuma duk wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi da aka kafa a gungume zai ishi mafari. Yanzu tuɓe rigar nan. A gaban wuta ba a sa shadda mai faɗin hannu, ba a kuma sa yadin roba, domin auduga idan tartsatsi ya faɗa mata huda ta yake yi, roba kuwa narkewa take yi ta manne wa fata.

Mushe ya tuɓe, ya ninke rigar da kyau, ya rage daga shi sai singileti. Wanda ya san shi a gaban allo ba zai so ya gan shi a wannan hali ba.

MUSHE: Na shirya. Ina gudumar?

SARKIN MAƘERA: Wace guduma? Yaro, tashi ka ba Mushe zugazugi.

MUSHE: Ranka ya daɗe, ƙira na zo koyo, ba zuga ba.

SARKIN MAƘERA: Kai da ka koyar da yara, ka taɓa ba ɗan aji ɗaya alƙalami tun ranar farko ka ce ya rubuta wa gwamna wasiƙa? Ni na shekara bakwai a kan zugazugi kafin ubana ya bar ni in taɓa guduma, kuma a zaman nan ne na koyi abin da wuta take faɗa. Hannu ɗaya ya hau, ɗaya ya sauka, kada iska ta yanke. Gawayin ƙirya ne wannan, yana da nauyi, yana riƙe zafi, amma ba ya son mai zuga mai ƙiwa.

MUSHE: Na karanta cewa ana ƙira ne idan zafin ƙarfe ya kai wajen digiri 1000. Ina ma'aunin zafinku?

SARKIN MAƘERA: Ga su nan guda biyu a fuskata. Ka zaci talauci ne ya sa maƙera take da duhu? Da gangan ake rufe ta, saboda a tsakar rana ba a ganin launin ƙarfe. Idan ya yi ja kamar gauta, ya fara jin magana. Idan ya koma ruwan goro, lokacin duka ne. Idan ya yi fari yana feshin tartsatsi, ya ƙone, kuma mai zuga ne zai biya.

MUSHE: Wannan baƙin da ke ƙasa fa, wanda ya riga ya huce? Wayyo Allah! Wayyo yatsuna!

SARKIN MAƘERA: Yanzu na cire shi daga wuta. Ja yana barin ƙarfe tun zafi bai bar shi ba, shi ya sa aka yi awartaki. Buɗe littafin ka rubuta wannan, idan hannun zai riƙe alƙalami.

BUZU: Sarki, ina maganin wutar da kuke taƙama da shi, wanda idan an buga muku dundufa kuke wasa da jan ƙarfe kamar rake? Ka ba baƙonka mana.

SARKIN MAƘERA: Wannan na gado ne. Na masu sha'awa yana cikin randa. Tsoma hannun, Mushe, amma kada ka zubar, domin a garin nan ruwa ba abin wasa ba ne.

Mushe ya koma kan zuga da hannu ɗaya da rabi. Da yake malami ba ya iya yin shiru ko yana cikin azaba, sai ya shiga tarihi.

MUSHE: Ka san, ranka ya daɗe, a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, maƙeran garin nan igwa suke ƙerawa? Ba fartanya kaɗai ba, igwa!

SARKIN MAƘERA: Na sani, kuma kowace igwa sai da wani ya yi mata zuga. Wutar tana mutuwa, Mushe.

MUSHE: Na zo da ƙarfena ma. Ga wannan bututun ruwa mai sheƙi, da shi nake so in yi wuƙa.

SARKIN MAƘERA: Mai da shi gida. Ƙarfen da aka shafe da farin nan, idan ya shiga wuta hayaƙinsa yana kwantar da mutum da zazzaɓi. Wuƙa da sifirin tsohuwar mota ake yin ta, a ba ta ruwa ta yi tauri, a sake ɗumama ta kaɗan don kada ta karye kamar tangaran. Kai kuwa ga guntun rodi, ka fitar mini da ƙusa ɗaya tak.

Aka ba shi guduma bayan azahar. Ya daki ƙarfe sau uku, ya daki uwar maƙera sau tara, ya kuskuri ƙafar Buzu sau ɗaya. Da la'asar ta yi sai ya zube a ƙasa yana haki.

BUZU: Ku yayyafa masa ruwa da sauri, kada sunansa ya tabbata.

MUSHE: Ina nan da raina. Ku nuna mini abin da na ƙera.

SARKIN MAƘERA: Ga shi. Ba ƙusa ba ce, ba ƙugiya ba ce, amma idan ka rataye shi a bango kamar yadda likitocin suke yi, babu ɓarawon da zai taɓa shi.

MUSHE: Wallahi rabona da jin daɗi irin na yau tun ina saurayi. Nawa zan biya?

SARKIN MAƘERA: Biya? Kai da ka wuni kana yi mini zuga?

MUSHE: Haka tsarin yake, mai koyo shi ke biya. Ga jika biyu, kuma gobe da safe ina tafe.

Sarkin Maƙera ya juya kuɗin, ya dubi yaronsa wanda yake ciyarwa safe da dare saboda wannan zugar, ya daɗe bai ce komai ba.

SARKIN MAƘERA: Mushe, a cikin abokanka da suka ajiye aiki, akwai wasu masu irin wannan lalura?

MUSHE: Muna da yawa, kullum muna zaune a majalisa ba abin yi.

SARKIN MAƘERA: Ka zo mini da biyu gobe. Sauran kuma ka tambaye su ko a Amurka ana sha'awar noma, domin ina da gona a hanyar Magarya.