Kiɗan ya yi, haɗin sautin ne matsala

Wani mai rahoto ya yabi wannan gajeren faifan metal, wato kiɗan rock mai tsananin ƙarfi, saboda ƙarfin ƙararsa, ni kuwa a nan muka raba gari. Kiɗan kansa ba laifi. Mai jita ya san hannunsa, musamman a waƙa ta biyu, inda makaɗan suka rage gudu suka bar jita tana gurnani kafin ganguna su rufto gaba ɗaya. Waƙoƙin kaɗan ne, amma babu ta cike gurbi.

Wanda ya haɗa sautin ne ya cuce su. An matse komai, har wurin da ya kamata ya lafa da wurin da ya kamata ya fashe sun zama ɗaya. Jitar bes ta nutse, sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji ta, faya-fayan ƙarfen mai ganga kuma sai tsuwa suke a kunne. Tun shekarun 1990, zamanin CD, ake wannan gasar ƙara, kowa na son faifansa ya fi na wani ƙara. Yanzu Spotify da YouTube da kansu suke rage ƙarar waƙar da ta wuce kima, to riba me aka ci? Su sake haɗa shi, zan saya.