Sanusi da Emefiele ba duk kanwar ja ba ce

Tun da rikicin sarautar Kano ya sake tasowa a watan Mayun 2024, akwai wata magana da nake ta cin karo da ita a Facebook da wuraren hira. Da zarar an ambaci tsadar shinkafa ko faɗuwar naira, sai wani ya yi caraf ya ce ai su Sanusi ne suka kai mu nan, wai shi da Godwin Emefiele, wanda ya gaje shi a kujerar gwamnan babban banki, duk kanwar ja ce, 'yan banki ne da aka ɗauko daga Legas aka damƙa musu kuɗin ƙasa suka yi yadda suka ga dama. Na daɗe ina kau da kai. Abin da ya sa na kasa haƙuri shi ne a makon jiya na ji ta daga bakin wani malamin sakandare, mutum mai karatu, yana faɗa wa matasa a wurin mai shayi, su kuma suna ta gyaɗa kai. Mafi yawansu ba su kai shekara goma ba a 2009. Abin da suka ji a bakinsa shi za su ɗauka a matsayin tarihi.

Ba ni da ta cewa a kan wanda ya dace da gidan Dabo, wannan magana ce ta kotu da masu zaɓen sarki. Amma mutum ya ƙi Malam Muhammadu Sanusi II saboda rawani, sannan ya koma baya ya goge abin da ya faru a Babban Bankin Najeriya (CBN) daga 2009 zuwa 2014, lokacin da yake gwamnansa, wannan zalunci ne ga gaskiya, kuma mu zai cutar, domin gobe za a sake naɗa wani a wannan kujera, mu kuma mun riga mun manta abin da ake dubawa.

A takarda kam mutanen biyu sun yi kama. Kowannensu ya taɓa koyarwa a jami'a, kowannensu ya shugabanci babban bankin kasuwanci, kowannensu ya hau kujerar gwamnan CBN. Sanusi ya yi digirin tattalin arziki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1981, ya koyar a can kafin ya shiga aikin banki a 1985. Daga baya ya ajiye komai ya tafi Khartoum ya karanci shari'ar Musulunci, ya dawo ya shiga UBA a 1997, ya koma First Bank a 2005, ya zama shugabansa a Janairun 2009. Wata biyar kacal ya yi a wannan kujera marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kira shi. Masu cewa kanwar ja iya nan suke karantawa su rufe takardar.

Abin da suke tsallakewa shi ne wane aiki ya yi a cikin bankin. Duk wanda ya taɓa neman bashi ya san banki gida biyu ne. Akwai masu fita da kwat da murmushi suna farautar masu kuɗi, waɗanda ake auna ƙoƙarinsu da yawan ajiyar da suka jawo da yawan bashin da suka rabar. Akwai kuma wasu a can ciki da ba ka ganinsu, su ne takardarka ke zuwa gabansu su duba jinginarka, su duba ko kasuwancin zai iya biya, su ce a'a. Babu mai son su, har abokan aikinsu. Sanusi ya shafe sama da shekara goma a wannan ɓangare na biyu, a UBA da First Bank. Sana'arsa ita ce ya kalli babban mutum, wanda manaja ke rawar jiki a kansa, ya ce wannan bashin ba zai dawo ba. Wanda ya yi shekara goma yana wannan ya san inda bankuna ke ɓoye ruɓaɓɓen bashi a cikin littattafansu, domin ya san duk dabarun da ake yi.

Kuma a 2009 wannan sanin ake bukata. Farfesa Charles Soludo, gwamnan CBN da ya gabace shi, wanda shi daga jami'ar Nsukka da ofishin ba shugaban ƙasa shawara ya zo, ya tilasta wa bankuna ɗaga jarinsu zuwa naira biliyan 25, suka ragu daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005. Aiki ne mai kyau, sai dai bankunan sun wayi gari da kuɗin da ya fi ƙarfin hankalinsu. Suka riƙa ba mutane bashi su sayi hannun jari, wani lokaci ma hannun jarin bankin da ya ba da bashin, suka zuba wasu maƙudai a wurin masu shigo da man fetur. Da kasuwar hannun jari ta rushe a 2008, farashin mai ya faɗi, sai ramin ya buɗe. A waje ana ta buga talla ana karɓar lambobin yabo, a ciki kuwa wasu bankunan da rancen CBN suke buɗe ƙofa kowace safiya.

Ranar 14 ga Agustan 2009, bai cika wata uku a ofis ba, Sanusi ya sallami shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya: Intercontinental, Oceanic, Union, Afribank da Finbank, ya zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe. A watan Oktoba ya ƙara da wasu, kuɗin ceton ya kai biliyan 620. Ya sa aka buga sunayen manyan masu cin bashi a jaridu, mutanen da ko ministoci ke tashi tsaye idan sun shigo. A 2010 kotu ta ɗaure Cecilia Ibru, tsohuwar shugabar Oceanic, ta kuma sallama kadarori na sama da naira biliyan 100. Kafin wannan lokaci yaushe rabon da a ji shugaban banki ya kwana a gidan yari a ƙasar nan?

Ina tuna wannan mako sarai saboda kawuna. Ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma a shekarun 1990 wani banki ya rufe da kuɗin atamfar da ya tara, ya yi ta zirga-zirga da ɗan littafin ajiyarsa a aljihu har ya haƙura. Tun daga nan ba ya yarda da banki sai dole. A daren da labarin ya fito a rediyo ya kira ni, muryarsa na rawa, ya ce, "Kai ɗan nan, kai da ke karanta jarida, in je in kwashe kuɗina gobe ko kuwa an riga an cinye?" Na ce, "Kawu, a bari mu ga Litinin." Ranar Litinin ya je tun kafin a buɗe, ya rubuta takardar cirar kuɗi, aka ƙirgo masa cif. Ya tsaya a bakin kanta ya sake ƙirgawa, ya ɗan yi shiru, sannan ya mayar da rabi. A wannan ceto masu hannun jari sun yi asara, shugabanni sun rasa kujeru, har bankuna uku gwamnati ta karɓe a 2011 ta sauya musu suna, amma mai ajiya bai rasa kwabonsa ba. Wanda bai taɓa ganin an garƙame ƙofar banki da gumin mahaifinsa a ciki ba, ba zai san girman wannan ba.

A lokacin wasu jaridun kudu sun ce ajandar Arewa ce, zance ne da ya mutu da kansa da aka ga lissafin bankunan. Yau kuma wasu 'yan Arewa ne ke cewa bai tsinana mana komai ba, alhali a ƙarƙashin ƙa'idojin da ya fitar a 2011 bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, bayan an yi masa ca ana cewa zai musuluntar da ƙasa. Lambar BVN ta tantance masu asusun banki da ake riƙe da ita yanzu a kwanakinsa na ƙarshe aka ƙaddamar da ita. Shi ne kuma ya kafa dokar cewa shugaban banki ba zai wuce shekara goma ba, dokar da ta tayar da Jim Ovia daga Zenith a 2010 har Emefiele ya samu hawa kujerarsa.

Sai babban abin da ya raba su, wato yadda kowannensu ya yi da wanda ke fadar shugaban ƙasa. A Satumban 2013 Sanusi ya rubuta wa Goodluck Jonathan cewa kamfanin mai na NNPC bai shigar da dala biliyan 49.8 asusun tarayya ba. An zauna an sake lissafi, adadin ya sauko, shi kuma ya tsaya a kan biliyan 20 a gaban majalisar dattawa. Masu sukarsa har yau suna riƙe da wannan sauyin lissafi kamar sun kama ɓarawo, kamar dala biliyan 20 kuɗin cefane ne. Ranar 20 ga Fabrairun 2014, yana Yamai wurin taro, aka sanar da dakatar da shi bisa zargin kashe kuɗi ba bisa ƙa'ida ba. Saura 'yan watanni wa'adinsa ya cika, kuma ya riga ya ce ba ya neman zango na biyu. Da ya ja bakinsa ya yi shiru da ya sauka da liyafar bankwana.

Yanzu a dubi shekara tara da suka biyo baya. Dokar CBN ta 2007 ta ce rancen da bankin zai ba gwamnatin tarayya kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata, kuma a biya cikin shekarar. A hannun Emefiele wannan rance ya taru har ya kai naira tiriliyan 22.7, sai a 2023 majalisa ta mayar da shi bashin dogon zango. A bar turancin masana, ma'anarsa ita ce gwamnati na miƙa hannu, banki na ƙirƙiro kuɗin da babu wani buhun masara ko gangar mai a bayansa. Kuɗi ya yi yawa, kaya bai ƙaru ba, mudu ya tashi. Sanusi ya bar hauhawar farashi a wajen kashi 8, Emefiele ya bar ta sama da kashi 22, kuma wutar da aka hura ta ci gaba da ci har ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024. Za a ce ai Sanusi ya yi zamanin da gangar mai ta haura dala 100. Gaskiya ne. Amma faɗuwar farashin mai ba ita ta rubuta wa kowa izinin taka doka ba, ita ce ma ranar da aka ajiye gwamnan banki dominta, ranar da gwamnati za ta zo da yunwa shi kuma ya ce iya nan doka ta ba ni.

A maimakon haka sai muka ga babban banki ya zama ma'aikatar gona, yana rabon bashin noman shinkafa, yana jera dalar buhuna a Abuja a Janairun 2022 ana ɗaukar hoto. Muka ga farashin dala kala-kala, mai uwa a gindin murhu ya karɓa da araha ya fito kasuwar canji ta Zone 4 ko Wapa ya sayar. Muka ga a Mayun 2022 an saya wa gwamnan banki mai ci fom ɗin takarar shugaban ƙasa na naira miliyan 100 a jam'iyya mai mulki, shi kuma ya tafi kotu yana neman a ce zai iya takara ba tare da ya sauka ba. Sannan aka rufe da canjin kuɗi. A Fabrairun 2023 na tsaya a layin na'urar cirar kuɗi tun bayan sallar asuba, aka rubuta min lamba a bayan hannu da biro, la'asar ta yi ban samu ko naira ba. A gabana wata dattijuwa mai sayar da ƙosai ta zauna a kan dakali ta kwance bakin zaninta tana nuna mana tsofaffin ɗari biyar-biyar da mai wake ya ƙi karɓa, tana tambayar kowa, "'Ya'yana, to yanzu wannan ba kuɗi ba ne?" Babu wanda ya iya ba ta amsa. Mutanen karkara da ba su da asusu suka riƙa karyar da awaki da hatsi don su ga takardar kuɗi a hannu. Sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a ranar 3 ga Maris. Shari'o'in da ake yi wa Emefiele wannan aikin alƙalai ne, amma layin nan ba sai an kira shaida ba, dukkanmu muna ciki.

To wane irin son zuciya ne zai sa mutum ya ɗauki wanda ya ceci ajiyar kawuna da wanda ya hana tsohuwar nan cin gumin ta ya zuba su a kwando ɗaya? Wanda bai sani ba a yi masa uzuri. Amma malamin da ya rayu a duka zamanin biyu, ya sha layin 2023 da ƙafarsa, sannan ya zauna yana koya wa yara cewa duk ɗaya ne don kawai yana ɓangaren wani sarki, wannan ya ci amanar allon da aka ba shi.

Ban ce Sanusi bai da laifi ba. A zamaninsa aka faɗaɗa asusun tallafi na CBN ga wutar lantarki da jiragen sama da ƙananan masana'antu, da gudummawar gine-gine ga jami'o'i, kuma ta wannan ƙofa da ya bari a buɗe magajinsa ya shigo da raƙumi da kayansa. Bashin da AMCON, hukumar da aka kafa don karɓar ruɓaɓɓen bashi, ta kwashe daga bankuna tun 2010 har yau bai gama dawowa ba. Bakinsa ma ya sha jawo masa faɗan da ba na ofishinsa ba. Duk wannan a faɗa, a kuma yi masa hisabi a kai, da hujja da lissafi.

Abin da nake so mu riƙe shi ne ranar da za a kawo sunan wanda zai gaji gwamnan CBN Olayemi Cardoso. Sanatocinmu su daina duban tarin digiri da sunan bankin da mutum ya fito, su daina cewa ya rusuna ya wuce. Su tambaye shi wane bashi ya taɓa hanawa, wa ya hana, me ya biyo baya. A kuma ɗaure ƙa'idar kashi 5 ɗin nan da hukunci a kan gwamnan da ya tsallake ta, shi da ministan kuɗin da ya miƙo hannu, a rubuta ƙarara cewa mai riƙe da wannan kujera ba ya neman takara sai ya sauka ya yi shekaru a gida.