Tseren kwalekwale na mata: an raba kujeru daidai, amma Afirka na bakin gaɓa

Ranar 31 ga Yulin 2024, a tafkin Vaires-sur-Marne da ke gabashin birnin Paris, mata huɗu 'yan Holan sun ja gaba tun daga tashi har kusan ƙarshen mita 2,000. Sai a tuƙi na ƙarshe kwalekwalen Birtaniya ya zuro hanci. Da ido ba a iya bambancewa, sai da aka duba hoto: Birtaniya minti 6 da daƙiƙa 16.31, Holan 16.46, Jamus ta zo ta uku. Lauren Henry da Hannah Scott da Lola Anderson da Georgina Brayshaw suka ɗauki zinariyar Olamfik ta farko da ƙasarsu ta taɓa ci a tseren mata huɗu masu filafili bibbiyu. Washegari Holan ta rama a ɗaya tseren na mata huɗu, inda kowace ke riƙe da filafili ɗaya, ta doke Birtaniya da tazarar daƙiƙa 0.18.

Na sha komawa in kalli tseren nan, kuma abin da ke kama ni shi ne yadda mutum huɗu ke zama tamkar jiki guda. Sun juya wa inda za su baya, kowace ƙeyar ta gabanta take kallo. In filafilin ɗaya ya riga na sauran shiga ruwa ko da ƙiftawar ido ne, jirgi zai karkata, gudu ya ragu. A wannan wasa gwanar da ta fi kowa ƙarfi ba ta da amfani in ba ta iya jiran 'yan uwanta ba. Brayshaw, wadda ke zaune a kujerar da ake bin tuƙinta, tana 'yar shekara 15 ta faɗo daga doki, ta kwana tara ba ta san inda take ba, ɓarin jikinta na hagu ya shanye na wani lokaci. Ita ce ta saita wa sauran ukun kiɗan da suka bi har suka cim ma Holan.

Labarai irin wannan suna da daɗin ji, amma kuskure ne a ɗauka jajircewa kaɗai ta kawo lambar. Sai a 1976, a Montreal, aka fara barin mata su yi tseren kwalekwale a Olamfik, shi ma mita 1,000, rabin na maza. Sai a Seoul a 1988 suka yi cikakkiyar mita 2,000. Kafin gasar Tokyo aka soke tseren maza huɗu marasa nauyi, wato rukunin da ake ƙayyade wa 'yan wasa nauyin jiki, aka sa na mata huɗu a gurbinsa, rukunai suka zama bakwai-bakwai, kujeru ma rabi da rabi. Duk ƙasar da ta yi fice a jiragen mata kuwa, in ka tona za ka tarar da kuɗi da tsari na shekaru. Birtaniya ta dawo daga Atlanta a 1996 da zinariya ɗaya tak, daga nan ta fara zuba kuɗin cacar ƙasa a wasanni. Matanta masu tuƙi suka ci azurfa a Sydney a 2000, zinariya ta farko ta zo a London a 2012 ta hannun Helen Glover da Heather Stanning. Amurka tana da dokar Title IX ta 1972, wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna wa mata bambanci. Jami'o'i suka buɗe ƙungiyoyin tuƙi na mata suna ba da guraben karatu kyauta, sakamakon haka jirgin mata takwas na Amurka ya lashe kowace gasar duniya da Olamfik daga 2006 zuwa 2016, sau goma sha ɗaya a jere. Romaniya, wadda ta ci na mata takwas a Paris, gado ta tarar: 'yar ƙasar Elisabeta Lipă ta tara lambobin Olamfik takwas, biyar na zinariya, tsakanin 1984 da 2004.

To ga inda gizo ke saƙar. A Paris jirage bakwai ne suka shiga tseren mata takwas: Romaniya, Kanada, Birtaniya, Ostareliya, Amurka, Italiya da Denmak. A rukunai biyu na mata huɗu ma babu ko ƙasa ɗaya daga Afirka. An daidaita mata da maza, haka ne, kuma abin a yaba ne. Sai dai matan da aka daidaita ɗin na ƙasashe ƙalilan ne.

Dalilin yana cikin tsarin neman gurbi. Manyan jirage ana samun kujerunsu ne a gasar duniya ko a zagayen ƙarshe da ake yi a Lucerne ta Suwizalan, inda za ka kara da ƙasashen da suka yi shekara hamsin suna gini. Zagayen nahiyar Afirka kuwa na mai tuƙi ita kaɗai ne, sai na mutum biyu marasa nauyi. Shi ya sa tarihinmu a wannan wasa na ɗaiɗaiku ne. Chierika Ukogu, haifaffiyar Amurka da ta koyi tuƙi a can, ita ta fara wakiltar Najeriya a Rio a 2016, har sai da ta nemi gudummawar jama'a ta intanet. Esther Toko ta je Tokyo ita kaɗai. Mutanen Nijar ba za su manta da Hamadou Djibo Issaka ba, wanda ya je London a 2012 bayan horon wata uku, ya zo na ƙarshe 'yan kallo suna ta tafa masa. Tafin ya yi daɗi, amma bai gina ƙungiya ba.

Yanzu ita ma ƙofa ɗayar da ta rage wa masu son yin tuƙi tare an rufe ta. Paris ce gasa ta ƙarshe ga rukunin marasa nauyi, inda matsakaicin nauyin mata biyun ba ya wuce kilo 57. Ta wannan ƙofa Tunisiya ta kai mata biyu Tokyo da Paris, ta nan matan Iran suka shiga a Paris da hijabinsu da suturar da ta rufe jiki, abin da ya isa amsa ga mai cewa wasan ba ya tafiya da kamun kai. A Los Angeles a 2028 gajeren tseren bakin teku ne zai maye gurbinsa.

Masu goyon bayan sauyin suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Tilasta wa 'yan wasa rage nauyi yana cutar da lafiya, musamman ta mata. Tseren bakin teku ba ya buƙatar tafki miƙaƙƙe mai layuka shida, jiragensa sun fi juriya, kuma ƙasashe irin su Senegal da Gana suna da gaɓar da za su fara. Amma tsere ne na mutum ɗaya, ko namiji da mace. Jirgin da mata zalla za su haɗa kai a ciki ba ya cikin lissafin. Ƙasa irin Nijar kuma ba ta da teku, kogi gare ta.

A ganina hukumar tseren kwalekwale ta duniya, World Rowing, da kwamitin Olamfik su ware kujerar jirgi ɗaya ga kowace nahiya a tseren mata huɗu. Za a ce jirgin Afirka zai sha kashi a karon farko. Zai sha. Amma ma'aikatar wasanni ba za ta sayi jirgin mutum huɗu ba, ba za ta ɗauki mai horarwa ba, muddin ta san babu hanyar da jirgin zai kai ko'ina. Gurbi ne ke jawo kasafi, kamar yadda doka ta jawo shi a jami'o'in Amurka.

Mu ma da namu laifin. Ruwa bai yi mana ƙaranci ba: ga tafkin Jabi a Abuja, ga madatsun Tiga da Kainji, ga Kogin Kwara da ya ratsa Yamai, ga garuruwan bakin ruwa irin su Yawuri inda yara ke tashi da filafili a hannu. Tuƙin gasa ya bambanta da namu na gargajiya, amma sanin ruwa da rashin tsoronsa rabin aiki ne. Jirgi biyu na mutum huɗu a makarantar 'yan mata ɗaya da ke kusa da ɗaya daga cikin waɗannan ruwaye, da rigunan kariya daga nutsewa, da malama mai horarwa da iyaye za su amince mata, bai fi ƙarfin kowace gwamnatin jiha ba.