Sunayenmu sun cika takardu, gidajenmu har yau kufai ne

Duk mai cewa an kusa gama gina garuruwan da Boko Haram ta rusa, ya zo Gombe ya zaga Bolari da Pantami da Malam Inna, ya ga magidantan da suka baro Damboa da Gwoza da Buni Yadi tun 2014, har yau suna cunkushe da iyalansu a ɗaki ɗaya na haya. Ina cikinsu. Gidan da mahaifinmu ya bar mana a Damboa an cinna masa wuta, katanga ce kawai ta tsira, ita ma damina ta cinye rabinta.

Laifinmu shi ne ba mu zauna a sansani ba. Mutanen Gombe, Allah ya saka musu da alheri, su suka buɗe mana zaurukansu alhali su ma bama-bamai na tashi a tashoshin motarsu da kasuwarsu a 2014 da 2015. Amma masu rabon tallafi ba sa ganin kowa sai wanda ke cikin tanti. Wanda ya rufa wa kansa asiri yana dako ko tura baro a kasuwa, an ɗauka ya warke. Ka nemi taimako a nan, a ce kai ɗan Borno ne, jiharka ce da alhakinka. Ka je can, a ce ba ka nan ranar da aka rubuta masu gidajen da suka ƙone. To ina ake so mu sa kanmu?

Rubuta suna kuwa, an rubuta har mun gaji. Masu rubuta sunayen su zo da manyan motoci da riguna masu tambari, su tara mu a rana a ƙofar mai unguwa, a karɓi lambar waya, a ɗauki hoto, a dangwala yatsa, a tambayi mace yadda aka kashe mijinta tana kuka ana rubutawa. Daga nan shiru. Haba jama'a! Tsohon mikin mutum ake fama masa don a cika rahoto?

Kada wani ya ce mana ba a san girman ɓarnar ba. Tun 2016 gwamnatin tarayya da Bankin Duniya da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi ƙiyasin asarar da ta kai kusan dala biliyan 9 a yankin Arewa Maso Gabas. A 2017 Buhari ya sa hannu a dokar kafa Hukumar Raya Arewa Maso Gabas, kuma Gombe da Bauchi suna cikin jihohi shida da ta shafa. An sake gina Ngarannam ta ƙaramar hukumar Mafa, aka miƙa wa mutanenta a 2022 da gidaje da makaranta da kasuwa. Madalla, na taya su murna. Wannan ya nuna in an so yi ana iyawa. Amma ƙauyuka nawa aka ƙona?

Yayana ya yi sa'a sunansa ya fito a wani rabo. Aka ba shi 'yan buhunan siminti da bandir ɗin kwano a tsakiyar damina, babu katako, babu ƙusa, babu kuɗin magini ko na kafinta, kuma ba shi da rumfar da zai adana kayan. Simintin ya sha danshi ya daskare, kwanon ya sayar ya biya bashin haya. Sai ka ji ana cewa 'yan gudun hijira ba su da godiya, sayar da kayan tallafi suke yi. Wallahi wannan magana tana ƙona mini rai. An ba ka tukunya babu murhu babu itace, sannan a zage ka don ba ka dafa ba.

Ko ka gina ɗakin ma, da me za ka zauna? Rijiyar burtsatse ta lalace, asibiti babu ma'aikaci, gona kuwa in ka yi nisa da gari ka sayar da ranka. Hanyar Gombe zuwa Biu ta gama ragargaza motoci, daga Biu zuwa Damboa da fargaba ake tafiya.

A zo Gombe da Bauchi a rubuta mu sau ɗaya tare da bulamominmu da suka san gidan kowa, a manna sunayen a bainar jama'a. A ba da kayan gini cikakku da rani, har da kuɗin aiki. Kowace kwangila a faɗi kuɗinta da sunan ɗan kwangilar, mu je da ƙafarmu mu duba ko ginin yana nan.