Biyan kuɗin haya bai ba ka ikon ajiye ajalin maƙwabta a shago ba

Duk layin shagunan da ka bi yanzu a Kano ko Kaduna ko Zariya, da wuya ka kai ƙarshensa ba ka ga inda aka jera tukwanen gas ana cika wa mutane ba. Ta dama mai shayi ya kunna risho, ta hagu mai walda yana ta watsa tartsatsi, a bayan shagon kuma gidan mutane ne da yara. Ka yi magana, amsa ɗaya za ka ji: "Na biya kuɗin hayata, shagona ne, abin da na ga dama zan sa." Wannan maganar ce ta ishe ni, kuma lokaci ya yi da za a daina sauraronta.

Mun ga inda take kai mutane. Ranar 4 ga Janairun 2020 wani shagon cikon gas ya yi bindiga a Sabon Tasha da ke Kaduna, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, wanda aski ya kai shi shagon da ke kusa. Bai sayi gas ba, bai sayar ba. Ranar 17 ga Mayun 2022 kuma aka sami fashewa a titin Aba da ke Sabon Garin Kano, kusa da wata makarantar yara, mutum 9 suka mutu. Da farko an ce tukunyar gas ce, daga baya 'yan sanda suka ce akwai mai ɓoye sinadarai masu haɗari a wurin ba bisa ƙa'ida ba. Maƙwabtan da suke buɗe shago kullum a gefensa, wa ya taɓa gaya musu abin da ke bayan bangon?

Ɗan haya amfanin wuri ya saya na wani lokaci, don wata sana'a da aka sani. Wanda ya karɓi shago da sunan sayar da kayan masarufi, ya wayi gari ya cika shi da jarkokin fetur yana bumburutu, ya saɓa alkawari tun kafin wuta ta tashi. Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan: wanda ya yi hayar gida ba shi da damar zaunar da maƙeri a ciki sai da yardar mai gida, saboda cutarwar sana'ar ta zarce wadda aka yi ciniki a kai. Ga kuma hadisin da kowane ɗan makarantar Islamiyya ya haddace, cewa babu cuta babu cutarwa. Dokar da muka gada daga Turawa ma haka ta ce. Tun shari'ar Rylands da Fletcher ta 1868 a Ingila, wadda kotunan Najeriya ke kafa hujja da ita, wanda ya tara abu mai haɗari a wurin da yake riƙe da shi, abin ya kuɓuce ya yi ɓarna, shi zai biya. Mai riƙe da mabuɗi, ai ɗan haya ne.

Kuma ba sai an yi gobara ake cutar da maƙwabci ba. Mai janareta da ya juya salansa zuwa ƙofar tela, mai injin niƙa da ya hana mai kemis jin abin da majinyaci ke faɗa, bakanike da ke tuttular da baƙin mai a kwata, duk haƙƙin mutane suke ci, kullum, kuma a fili.

Masu cewa laifin gwamnati ne kaɗai suna nema wa mai laifi mafaka ne kawai. Bayan abin da ya faru a Sabon Tasha gwamnatin Kaduna ta ba da umarnin rufe shagunan gas da ke cikin unguwanni, kuma akwai NMDPRA, hukumar tarayya mai kula da harkar rarraba man fetur da gas da ba da lasisi, amma babu jami'in da zai kwana a kowane shago ya ga abin da aka shigo da shi bayan isha'i. Masu cewa "ƙaddara ce" kuwa, su ji tsoron Allah. Wanda ya ajiye fetur kusa da garwashi ya san abin da yake yi. Haka ma "neman abinci yake", kamar telan da kekensa ya ƙone shi ba abinci ya fito nema ba.

Ban wanke masu shaguna da dillalai ba. Yawancin hayar shagunanmu rasit ne kawai da la'ada, babu wanda ya tambayi sana'ar da za a yi. Mai shago ya daina miƙa mabuɗi sai da takarda: ga sana'ar da aka yarda, ga abin da ba za a ajiye ba, ga ikon shiga a duba, kuma wanda ya saɓa ya tashi ya biya ɓarnar da ya jawo. Mai sana'ar gas ya nuna lasisinsa da abin kashe gobara kafin ya sauke tukunya ko ɗaya. Shugabannin kasuwa da masu unguwa su riƙa ajiye kwafin takardar, don maƙwabcin da ya ji warin gas ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa tun da safe.